Yadda Ake Buɗe Asusun Banki a Yamai, Daga Haɗa Takardu Har Zuwa Karɓar Kati

Tambaya ɗaya ce ke ta dawowa daga masu karatu, wasu daga nan Yamai, wasu daga Tawa da Ƙonni: in mutum yana son buɗe asusu a banki, ta ina zai fara, me zai kai, nawa zai kashe? Akwai telan da ke son raba kuɗin ɗinki da kuɗin cefane. Akwai malamin makaranta da aka ɗauka aiki aka ce ya kawo lambar asusu. Akwai uwargida mai adashi da ba ta son kwasarta ta kwana a ɗaki. Buɗewar kanta kyauta ce, kuma ba ta da wuya. Inda kuɗin mutane ke zurarewa shi ne wajen zaɓen asusun da bai dace da su ba, da sa hannu a takardar da ba su tambayi abin da ke cikinta ba. Don haka matakan da suka shafi waɗannan biyu su na fi tsayawa a kansu.

1. Zaɓi irin asusun kafin ka zaɓi banki

Asusu iri biyu ne za a miƙo maka a kowane banki. Na farko asusun ajiya, wanda ma'aikatan banki ke kira compte d'épargne. Na biyu asusun yau da kullum, compte courant ko compte chèque.

Asusun ajiya na mai tara kuɗi ne. Ka zuba, ka cire in buƙata ta taso, ba a ba ka littafin shek, ba a ba ka bashi a kansa. A ƙa'idar Babban Bankin Ƙasashen Afirka ta Yamma, BCEAO, ba a cire kuɗin riƙo a asusun ajiya mai littafi, kuma banki na ɗora kuɗin ruwa kashi 3 da rabi cikin 100 a shekara a kan ajiyar da ba ta wuce miliyan 10 na sefa ba. Wanda ya bar jika 200 shekara guda bai taɓa ba, zai tarar an ƙara masa kimanin jika 7. Sharaɗinsa shi ne akwai wani ɗan abu da dole ya zauna a ciki kullum, kuma kowane banki da nasa adadin.

Asusun yau da kullum na mai albashi ne da ɗan kasuwar da kuɗi ke shiga suna fita a hannunsa, wanda ke biya da shek ko ake turo masa kuɗi daga wani banki, ko yake fatan neman bashi nan gaba. Wannan asusun ana biyan kuɗin riƙonsa, wani banki duk wata, wani duk wata uku, ko ka yi amfani da shi ko ba ka yi ba. Mu ɗauka ana cire maka jika 2 a wata. A shekara jika 24 ke nan. Mai jika 50 da ya zuba su a irin wannan asusu ya tafi ya manta, kamar ya zuba ruwa ne a randa mai tsaga: bayan shekara biyu zai dawo ya tarar da ɗan abin da bai kai kuɗin taksi na mako ba, in ya ƙara jinkiri ma ya tarar banki ke bin sa.

Shawarata ga mai sana'ar hannu, da mai ƙaramin shago, da ɗalibi, da matar gida: asusun ajiya. Mai albashi kuwa yawanci sai na yau da kullum, amma ya haɗa da na ajiya, zan faɗi dalili a mataki na 8.

Hattara: in kana gudun kuɗin ruwa saboda addini, faɗa tun a tebur na farko. Akwai Bankin Musulunci na Nijar, BIN, wanda aka kafa don mu'amala bisa tsarin Musulunci. A sauran bankuna ka tambaya ko suna da asusun da ba a ɗora masa ruwa. Hukuncin abin kuwa, wannan na malaminka ne, ba na ma'aikacin banki ba.

2. Zaga banki uku, ka tambayi farashi

A Yamai zaɓi na da yawa: SONIBANK, BIA, BOA, Ecobank, Orabank, Banque Atlantique, BSIC, Coris Bank, BAGRI ta manoma da makiyaya, BIN, da wasu. Ba zan ce wannan ya fi wancan ba, domin abin da ya dace da ma'aikacin gwamnati mai ofis a Plateau ba shi ne ya dace da mai sayar da katako a Katako ba. Fara da duba wanda ke da reshe kusa da gidanka ko wurin aikinka. In kana yawan zuwa gida, Tawa ko Maraɗi ko Damagaram, duba ko yana da reshe a can.

Dole ne kowane banki ya kafe takardar farashinsa inda jama'a za su gani. Nemi a ba ka kwafi, ko ka ɗauke ta hoto da wayarka in sun yarda. Sannan ka yi waɗannan tambayoyi, ka rubuta amsar: nawa ne zubin farko; nawa ne dole ya zauna a asusun; nawa ake cirewa na riƙo, kuma duk yaushe; nawa ne kuɗin kati a shekara; nawa ne saƙon da ake turowa a waya; nawa ake cirewa in ka ciri kuɗi da kati a na'urar cire kuɗi ta wani banki. Matambayi ba ya ɓata, kuma ma'aikacin da ya ga kana rubutawa ya fi kula da amsar da zai ba ka.

Akwai abin da ya kamata ka shiga da shi a ka. Tun ranar 1 ga Oktoba 2014, BCEAO ta wajabta wa bankunan ƙasashe 8 masu kuɗin sefa na yammacin Afirka su yi ayyuka 19 kyauta. Daga ciki akwai buɗe asusu da rufe shi, ba da littafin ajiya, zuba kuɗi a kowane reshe na bankinka (ban da kuɗin tambur na gwamnati), cire kuɗi a gishe ko a na'urar bankinka, tura kuɗi daga asusu zuwa asusu a banki ɗaya, saukar da albashi, takardar bayanin asusu sau ɗaya a wata, da takardar da ke tara duk abin da aka cire maka a shekara. In aka ce ka biya “kuɗin buɗewa”, tambaya cikin ladabi ko zubin farko ake nufi, wanda zai shiga asusunka ya zama naka, ko wani abu ne daban.

Hattara: cire kuɗi a gishe kyauta ne, sai dai in ka zo ba littafi ba shek ba kati, aka ba ka shek na gishe ka cika. Wannan ana biyansa.

Wasu kan ce su dai asusun ƙananan rance, wato mikrofinans, ya fi musu sauƙi, kuma gaskiya ne sun fi kusa da talaka, takardunsu ma ba su kai na banki yawa ba. Amma ka tabbata gidan yana da lasisi. Hukumar ARSM ce ke sa ido a kansu a Nijar. Ka kuma san wannan: asusun lamunin ajiya na yankin, wanda ke biyan masu ajiya in gidan kuɗi ya durƙushe, iyakarsa miliyan 1 da jika 400 ga mutum ɗaya a banki, jika 300 a mikrofinans.

3. Haɗa takardu

Abin da kusan kowane banki ke nema: katin ɗan ƙasa ko fasfo wanda wa'adinsa bai ƙare ba, da kwafinsa; ƙananan hotuna, ka tafi da 3 don kada a komo da kai; shaidar wurin zama, wato takardar kuɗin wuta ta NIGELEC ko ta ruwa ta kwanan nan, in ba ka da ita da sunanka kuma takardar shaidar zama, certificat de résidence; sai lambar waya. Wasu za su ba ka farar takarda ka zana hanyar gidanka. Kada abin ya ba ka mamaki, zana daga wurin da kowa ya sani, masallacin Juma'a ko gidan mai ko makarantar unguwa.

Mai albashi ya ƙara da takardar shaidar aiki da takardun albashinsa na watannin baya. Ɗan kasuwar da ke son asusu da sunan shago ko kamfani sai ya kawo rajistar kasuwanci, RCCM, da lambar haraji, NIF. A Yamai ana samun su ta Maison de l'Entreprise. In asusun da sunanka ne na kanka, ba a neman waɗannan.

Abin da za ka kashe a wannan mataki kuɗin hoto ne da na kwafi da tambur, sai na takardar zama in ka nema.

Hattara, a nan ake fi komo da mutane: rubutun suna. Kati ya ce Mahamadou, takardar aiki ta ce Mamadou, takardar wuta ta ce Mohamed. A wurinmu duk mutum ɗaya ne, a wurin kwamfutar banki mutum uku ne. Haka ranar haihuwa, musamman ga waɗanda aka rubuta musu “vers” kafin shekara, wato “wajen shekara kaza”. Shimfiɗa takardunka a tabarma tun a gida, ka bi su harafi bayan harafi. Duk abin da za ka cika a banki, kwafe shi daidai da yadda yake a katin ɗan ƙasa, ko da kai ba haka kake rubuta sunanka ba.

Lambar wayar ma ta zama wadda aka yi wa rajista da sunanka. Ƴar uwa, ki buɗe da katinki da lambarki. Asusun da aka buɗe da sunan yaya ko ƙane “don sauƙi”, a idon banki kuɗin mai sunan ne, kuma ranar da ta Allah ta kasance a kansa, cikin gadonsa za a lissafa su.

4. Zaɓi ranar zuwa

Je da safe, tsakiyar wata. Daga wajen 25 ga wata zuwa makon farko na sabon wata bankuna cike suke da masu albashi, layi har waje. Ka guji Juma'a da jajibirin salla. Ba gishen biyan kuɗi za ka nufa ba, ce wa mai gadi ka zo buɗe asusu, zai nuna maka teburin mai kula da abokan ciniki.

5. Cika takarda da sa hannu

Za a tambaye ka sana'arka, da kimanin abin da kake samu a wata, da inda kuɗinka ke fitowa. Ba tsegumi ba ne, dokar yaƙi da halatta kuɗin haram ce ta tilasta musu. Faɗi gaskiya. Wanda ya ce yana samun jika 40 a wata, sannan mako biyu bayan haka ya shigo da miliyan 3 na cinikin albasa, sai an tsayar da shi an nemi bayani. Da ya ce tun farko yana fataucin albasa daga Galmi, kuma kuɗinsa kan zo da yawa a kaka ɗaya, da ba wanda zai ɗaga kai.

Takardun da Faransanci suke. In ba ka karanta shi sosai, tafi da wanda ka yarda da shi, ko ka ce wa ma'aikacin ya fassara maka da Hausa ko Zabarmanci, sakin layi bayan sakin layi. Haƙƙinka ne, kuma ba abin kunya ba ne.

Wurin da za ka buɗe ido shi ne inda ake haɗa maka kaya a ƙunshi ɗaya, abin da suke kira pack: kati, saƙon waya, manhajar banki, inshora, duk a farashi ɗaya da ake cirewa kowane wata. Ga mai albashin da zai yi amfani da su duka, wani lokaci ya fi arha. Ga mai ajiya kuwa, sau da yawa biyan abin da ba ya buƙata ne. Ce a rarraba maka farashin kowane ɗaya. Abin da ba ka so, ka ce a cire kafin ka sa hannu, domin cire shi daga baya sai da wasiƙa da zirga-zirga.

Shi sa hannun kansa, za a ajiye samfurinsa, da shi za a riƙa gwada duk takardar da ka kawo nan gaba. Ba dole ya zama mai ƙawa ba. Abin da ake so alama ce da za ka iya maimaitawa iri ɗaya bayan shekara biyar. Gwada shi a gida a takarda har hannunka ya saba. Kafin ka tashi, karɓi kwafin yarjejeniyar da ka sa wa hannu.

Hattara: kada ka sa hannu a takardar da aka bar wani gurbi a cikinta ba a cika ba, ko da an ce za a cika daga baya.

6. Zubin farko da lambar asusu

Kuɗi a gishe ake ba da su, ba a hannun wani a farfajiya ko a mota ba, komai kyan rigarsa. Ƙirga su a gida, ka sake ƙirgawa a gaban mai karɓa. Zai ba ka takardar shaidar zubi, wato resi. Kafin ka matsa daga gishen, duba abu uku a jikinta: sunanka, adadin kuɗin, da hatimi. A nan mutanenmu kan rikice, domin mu da dala da jika muke lissafi, takarda kuma da tamma take: jika 25 a resi 25.000 ne, dala 100 kuwa 500. Ƙirga sifilin da kyau.

Sannan ka nemi RIB, takardar da ke ɗauke da cikakkiyar lambar asusunka. Haruffa da lambobi 24 ne, a Nijar suna farawa da NE. Ita za ka kai wurin aiki don a riƙa zuba albashi, ita za ka tura wa ɗan uwa a Abijan ko Lome ko Faransa in zai turo maka kuɗi ta banki. Ba da RIB ga mai turo maka kuɗi ba shi da haɗari, ba lambar sirri ba ce.

7. Kati da lambar sirri

Kati ba ya fitowa a ranar, sai an kira ka ko an turo saƙo. In amfaninka a cikin gida ne da maƙwabta, katin GIM-UEMOA ya isa, yana aiki a na'urorin bankunan ƙasashe 8 na yankin. Katin Visa ko Mastercard ya fi tsada, na mai tafiya Dubai ko Saudiyya ne ko mai sayayya ta intanet. Kada ka biya kuɗinsa in iyakarka Babbar Kasuwa da Wadata.

Lambar sirrin kati lambobi 4 ce. Haddace ta, ka yaga takardar da ta zo a ciki. Kada ka rubuta ta a bayan kati, kada ta zama shekarar haihuwarka. Gwajin farko yi shi a na'urar reshenka, a lokacin aiki, don in kati ya maƙale a samu mai fito maka da shi. In ka buga lambar ba daidai ba sau 3 a jere, kati zai toshe. In ka kasa gane na'urar, kira ma'aikacin banki ya tsaya ya nuna maka, amma kai za ka buga lambar da hannunka, ɗaya hannun yana rufe da allon. Kada ka miƙa katinka ga wanda ke bayanka a layi.

Hattara: banki ba ya kiran mutum ya tambaye shi lambar sirri, ko lambar da aka turo masa a saƙo. Duk wanda ya kira ya ce daga banki yake, za a rufe asusunka in ba ka karanto masa lamba ba, ko ya ce ka ci kyauta, ɓarawo ne. Kashe wayar. In kati ya ɓata, kira banki nan take a toshe shi, kada ka jira gari ya waye. Lambar kiran ka ajiye ta a wayarka tun ranar da ka karɓi katin.

8. Watanni ukun farko

Karɓi takardar bayanin asusu, relevé, kowane wata, tunda kyauta ce, ka zauna da ita da resi ɗinka. Duk layin da aka cire kuɗi ba ka gane ba, ja masa layi ka kai wa mai kula da asusunka. In bayanin bai gamsar da kai ba, rubuta ƙorafi, ka yi kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa a ɗaya ka riƙe. Magana ta baka ba ta da shaida.

Mai albashi, ga dalilin da ya sa na ce ka haɗa da asusun ajiya. Kana iya ba banki umarni na dindindin, virement permanent, cewa duk wata, kwana ɗaya bayan saukar albashi, a ɗauke jika 10 ko 15 a mayar asusun ajiya. Kafa wannan umarni yana cikin ayyukan kyauta. Jika 15 a wata 12 jika 180 ne, kuma shi ne bambanci tsakanin wanda komawa makaranta a Oktoba ko ragon layya ke iske shi a shirye da wanda ke zuwa neman bashi. Na fi yarda da wannan hanya a kan niyyar “zan ajiye abin da ya rage”, domin a gidan mai iyali a Yamai ba abin da ke ragewa.

Hattara da abu biyu a asusun yau da kullum. Na ɗaya cin gaba da albashi, découvert: banki ya bar ka ka ciri fiye da abin da kake da shi. Bashi ne mai kuɗin ruwa, kuma wanda ya saba da shi kan wayi gari albashinsa na sauka ne kawai don cike ramin watan jiya. Na biyu shek da ba kuɗi a bayansa. In ka ba da shi aka dawo da shi, sunanka zai shiga kundin BCEAO da duk bankuna ke dubawa, in ba ka gyara cikin wa'adin da aka ba ka ba kuma ana iya hana ka amfani da shek har shekara 5.

9. Kada ka zuba komai a wuri ɗaya

Duk wanda ke Yamai bayan takunkumin da aka ƙaƙaba wa Nijar a ƙarshen Yuli 2023, har zuwa ɗage shi a Fabrairu 2024, ya ga layin bankuna, ya ga yadda aka ƙayyade abin da mutum zai iya cirewa cikin kuɗinsa. Wasu sun ɗauki wannan hujjar komawa ajiya a ƙarƙashin katifa. Ban bi su ba, domin gobara da ɓarawo da ɗan uwa mai larura duk sun fi saurin isa katifa. Abin da nake gani daidai shi ne a raba: kuɗin cefanen mako biyu a hannu, wani abu a waya, Airtel Money ko Moov Money ko Zamani Cash, ko a asusun Nita ko Amana, don aike da larurar dare, sauran a banki. Tambayi bankinka ko ana iya haɗa asusun da wayarka, da nawa ake cirewa a kowane aike.

In za ka ciri kuɗi masu yawa, na sayen fili ko na kaya, sanar da reshenka kwana biyu ko uku kafin ranar. Mafi kyau ma, in mai karɓa yana da asusu, a tura masa ta banki, kada ka bi titi da miliyoyi a leda.

10. In an ƙi buɗe maka, ko ka gama da asusun

Dokar yankin ta 2002 ta ba duk mai samun kuɗin shiga na yau da kullum da ya kai jika 50 haƙƙin mallakar asusu. In banki ya ƙi ka, nemi ya rubuta maka. In bankuna 3 suka ƙi, kai takardun ofishin BCEAO na Yamai, BCEAO na iya zaɓar bankin da zai buɗe maka.

Wanda zai yi doguwar tafiya, ko dattijon da zirga-zirga ke yi wa wuya, yana iya yi wa wani wakilci, procuration, a gaban ma'aikacin banki, ya kuma soke shi ranar da ya ga dama. Wannan ya fi ba yaro kati da lambar sirri. Ka kuma faɗa wa mutum ɗaya a gidanka bankin da kake ajiya, ko da ba ka faɗi adadin ba. Asusun da ya yi shekara 10 ba a taɓa shi ba ana mayar da kuɗinsa BCEAO, magada kuwa ba za su nemi abin da ba su san da shi ba.

In ka daina amfani da asusun yau da kullum, kwashe kuɗin ciki kaɗai bai rufe shi ba, kuɗin riƙo za su ci gaba da taruwa a kanka. Rubuta wasiƙar neman rufewa, ka mayar da kati da sauran shek, ka biya abin da ake bin ka in akwai, ka soke duk umarnin dindindin da ka bayar. Sannan ka karɓi takardar shaidar rufewa mai hatimi, ka ajiye ta tare da kwafin yarjejeniyar da ka karɓa a mataki na 5.